Darussan da na ɗauka daga ɗakin saba

Jiya na miƙa makullin ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin ofis suke, amma maganar jadawalin MRTG, manhajar da ke zana yawan bayanan da ke bi ta layin intanet, ba ta bar raina ba.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda aka yi. Kullum ma'aikata suna kukan intanet ya yi nauyi, alhali jadawalin babban layinmu mai gigabit ɗaya bai taɓa haura megabit 114 ba. Oga yakan buga shi a takarda ya kai taro, ya ce ai layi a sake yake, wanda bai iya saita na'ura ba ne matsalar. Kowa ya san da wa yake.

Da na bi diddigi sai na gano cewa da sigar farko ta SNMP, wato tsarin karɓo bayanai daga na'urorin sadarwa, muke tambayar na'urorin, duk bayan minti 5, ta ƙofa 161. Ma'ƙirgin da muke karantawa, ifInOctets, mai bit 32 ne: da ya ƙirga bayit biliyan 4.29 sai ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Idan layin gigabit ya cika, cikin daƙiƙa 34 yake zagayowa. Kafin mu sake tambaya ya kewaya sau da yawa, jadawali kuma ragowar kawai yake zanawa. Ashe layin a shaƙe yake.

Na rubuta wa Oga cewa mu koma siga ta biyu, SNMPv2c, mu riƙa karanta ma'ƙirgin ifHCInOctets mai bit 64. Ya ce, "Malam, abin da ke aiki ba a taɓa shi." Sai da wani ɗan kwangila ya zo ya faɗi abin da na faɗa, aka biya shi, sannan aka gyara. A rahoton ko sunana ba a sa ba, takardar gargaɗin da aka ba ni kuma tana nan cikin fayil.

Sauran a taƙaice. Kada ka bar kalmar "public", wadda kowa ya sani, a matsayin kalmar shiga ta SNMP a kan kowace na'ura, in da hali ka koma SNMPv3 mai ɓoye saƙo. Ka buɗe ƙofa 162, domin ta nan na'ura ke kawo ƙara da kanta idan wani abu ya faɗi. Duk shawarar da ka bai wa na sama, ka aika ta a rubuce da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wajen ofis. Nawa kwafin na tafi da shi.