Na haɗu da uwar beyar a hanya

Yau da safe a dajin Katmai da ke Alaska, muna tafe a 'yar siririyar hanyar da ke zuwa mafaɗar ruwan Brooks, kawai sai ga uwar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, ta ɓullo daga cikin bishiyoyi da 'ya'yanta biyu. Wallahi gwiwoyina sakewa suka yi, bakina ya bushe ƙamas. Jiya da muka iso ma'aikatan dajin sun ja mana kunne, kar ka kuskura ka gudu, ka ba ta hanya, ka bar tazarar yadi 50, ka riƙa magana a hankali don ta san mutum ne, amma fa jin bayani daban, gani da ido daban. Na ja da baya cikin ciyawa, ba abin da ya zo bakina sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil, shi na yi ta maimaitawa. Ta ɗago kai ta shaƙi iska, har hucinta ina ji, gashin wuyanta jiƙe sharkaf, ƙaramin ya tsaya yana kallona sai da ta waigo sannan ya bi ta da gudu.

Daga baya na hau dandamalin katako ina kallon yadda sauran beyar suke cafke kifin salmon yana tsalle, ban ma san sanda hannuna ya daina rawa ba. Har yanzu ita nake tunani, ashe hanya kawai take nema ta kai 'ya'yanta bakin ruwa.