Talata, ranar hoton zuciya

Tun da asuba ƙanwata ta kira ni, wai yau za a yi wa yaronta hoton zuciya, in zo in raka ta. Watansa huɗu. In ya kama nono sai ya ɗan tsotsa ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi ko da sanyin safiya. Muka tari adaidaita zuwa asibiti. Gwaggo, wadda ita ce kuma surukarta, ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Sai wajen sha ɗaya layi ya zo kanmu. Likita ya shafa masa wani mai a ƙirji, ya ɗora na'ura, sai ga zuciyar a allo tana bal-bal kamar ta ɗan tsako. Ya nuna da bakin biro: bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa bai ƙarasa haɗuwa ba, jini na ratsawa ta wata kafa.

Gwaggo ko bari ya rufe baki ba ta yi ba. "Ai na faɗa! Da cikin wata bakwai tana ɗaukar jarka, ga fitar magariba." Ƙanwata ta sunkuyar da kai.

Likitan nan, Allah ya saka masa. Ya juya bayan takardar magani ya yi zane. "Hajiya, zuciya da siffar bututu take farawa. Wajen kwana 22 da shigar ciki ta soma bugawa, sai ta lanƙwashe, bangaye su tsiro su raba ta ɗaki huɗu. Zuwa sati 8 an gama ginin." Ni da nake koyar da wannan darasi a kwaleji, ban taɓa auna shi da ƙanwata ba sai yau. A sati na takwas ɗin nan ita kanta tana ta wasiwasi ne, ciki ne ko masassara. Ina ruwan jarkar wata bakwai?

Na tambaye shi zancen gado, tunda auren zumunci ne. Ya ce bisa al'ada ɗa da kromozom 46 yake zuwa, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, 23 na uwa, 23 na uba. Wani lokaci kromozom mai lamba 21 kan zo uku maimakon biyu, shi ne lalurar Down, kuma kusan rabin masu ita da matsalar zuciya ake haifarsu. Wani lokaci ƙwayar gado ɗaya ce cikin masu tsara ginin, irin su GATA4 ko NKX2-5, ta sauya. Ciwon sukarin da uwa ba ta kula da shi ba, ko rubela (wani ciwo mai kama da ƙyanda) a farkon ciki, su ma sukan jawo. Auren dangi na ɗan ƙara yiwuwar, amma a yawancin yara ba a iya nuna dalili guda. Kusan jariri ɗaya cikin 100 da matsalar zuciya yake zuwa, kuma ƙananan kafofi da yawa kan toshe da kansu.

Ya rubuta magani, ya ce nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, mu dawo awo bayan wata. In nauyi ya ƙi ƙaruwa, sai a tura mu Yamai.

A hanya babu wanda ya ce uffan. Mun wuce babbar kasuwa Gwaggo ta taɓo ni. "Ke malama, wancan ashirin da ukun, na ɗana ne?"

Na ce eh, Gwaggo.

Ta miƙa hannu ta karɓi yaron daga cinyar uwarsa, ta goge masa goshi da bakin mayafi. Takardar zanen ma ita ta riƙe, ta ce bayan isha'i in zo in sake yi wa Baffa bayani.