Shekarar da na cika burina, jarina kuma ya ragu

A makon farko na watan Janairun 2023 na buɗe sabon littafin shagona, na rubuta a shafin farko da jan biro cewa kafin ƙarshen shekara sai cinikina ya kai naira miliyan 45. A shekarar da ta gabata na yi cinikin kusan miliyan 30 a ɗan shagona na atamfa da ke Kantin Kwari, don haka na ga ƙarin rabi ba abu ne da zai gagara ba. Na samo wannan tunani ne daga wata bita da aka shirya wa ƙananan 'yan kasuwa, inda aka nanata mana cewa burin da ba shi da adadi da wa'adi fata ne kawai. Har yau ban musanta wannan magana ba. Abin da ba a faɗa mana ba, kuma ni ban tsaya na tambayi kaina ba, shi ne wane adadi ya kamata mutum ya ɗaura wa kansa, kuma da wane ma'auni zai auna shi. Na zaɓi ciniki, na kuma auna shi da naira, kuma wannan zaɓin ne ya cinye mini fiye da kashi ɗaya cikin uku na kayan da na tara a shekaru tara.

Watannin farko kowa ya san yadda suka kasance. Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, matan da suka saba zuwa da kuɗi a ƙulle a gefen zane suka daina zuwa, tiransifa kuma sai a yi awa biyu ana jiran alat mai saye yana zaune a kan benci. Ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a farkon Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, kasuwa ba ta farfaɗo nan take ba. Da aka yi ƙaramar Sallah a watan Afrilu na duba littafi, sai na tarar ina bayan lissafina da kusan miliyan biyar. A nan ne ya kamata in zauna in sake duba burin, tun da ƙasar da na rubuta shi a cikinta ta riga ta canza. Maimakon haka sai na ɗauki adadin nan kamar alkawarin da na yi wa wani, na fara neman kowace hanya ta cike giɓin.

Hanya ta farko ita ce rage riba. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota daga Legas da kuɗin dako duk suka bi sahu. A tsakiyar Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, alhali yawancin atamfar da muke sayarwa daga Sin ake shigo da ita, da dala ake biyanta. Maƙwabtana a layi, musamman dattawa, kullum da safe sai sun tambayi yadda 'yan canji suka tashi a Wapa kafin su faɗi farashi. Ni kuwa sai na riƙa cewa ai kayana tsohon sari ne, na saro turmi a kan 5,000, idan na sayar 5,600 na ci riba, me zai sa in tsauwala wa mutane. Shagona ya cika da masu saye, har sai da na ƙara yaro ɗaya. Kowace yamma in na tara cinikin ranar sai in ji daɗi, domin adadin yana matsawa kusa da abin da na rubuta da jan biro. Ban lura ba cewa duk lokacin da na koma wurin masu dila, kuɗin turmi goma da na sayar turmi takwas suke saro mini, wani lokaci ma bakwai. Ina ganin hakan da idona, amma ina ɗaukarsa matsalar mako guda wadda za ta wuce, domin ba shi ne abin da nake aunawa ba.

Hanya ta biyu ita ce bashi, kuma ita ta fi yi mini ciwo idan na tuna. A littafina duk kayan da suka fita daga shago ciniki ne, ko an biya ko ba a biya ba, saboda haka bayar da bashi ya zama hanya mafi sauƙi ta ɗaga adadin. Ina da abokan ciniki daga Maraɗi da Damagaram waɗanda muka daɗe tare, mutanen kirki masu cika alkawari, a da nakan ba su kayan da ba su wuce na dubu ɗari biyu ba su kawo kuɗin a zuwa na gaba. Kafin babbar Sallah na buɗe musu hannu fiye da yadda suka nema ma, na ce su ɗauka, in sun sayar sa kawo. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, ba da jimawa ba aka rufe kan iyaka, hanyoyin Jibiya da Maigatari suka tsaya, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Ba wanda ya ci mini kuɗi a cikinsu, dukkansu sun biya daga baya, kuma ba na ganin laifin kowa. Sai dai naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da na bayar lokacin da take iya saro turmi 360, ta dawo mini lokacin da da ƙyar take saro 200.

A tsakiyar Disamba cinikina ya haura miliyan 45. Na yi murna ƙwarai, na gaya wa maiɗakina, na yi wa yaran shago kyauta, na kuma fara tunanin kama shago na biyu.

Gaskiyar ta fito ne a watan Sha'aban, a farkon 2024, lokacin da nake ƙidayar kaya domin fitar da zakka kamar yadda na saba kowace shekara. Muka rufe shago bayan la'asar, yarona na sauko da kaya daga kanta yana ƙirgawa da ƙarfi, ni ina rubutawa. Da muka gama na ƙasa na ce ya shiga sito ya fito da sauran, sai ya tsaya yana kallona, ya ce, "Maigida, ai babu komai a sito sai dila ɗaya, tun watan jiya muke ɗebowa." Na tashi na shiga da kaina. Wurin da a da sai an karkata ake wucewa, ranar nan ina ganin siminti har bango, da shatin inda diloli suka daɗe a ajiye. Ƙidayar bara turmi 1,200 ce, ta bana 740. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da na yi musu kuɗi da farashin ranar, wajen 9,000 kowane turmi domin dala ta riga ta haura 1,500, sai jimillar ta fi ta bara. A takarda jarina ya ƙaru, zakkata ma ta ƙaru, amma turmi 460 sun fita daga hannuna ba tare da gobara ko ɓarawo ba, ni da kaina na miƙa su ɗaya bayan ɗaya ina murna.

Washegari na je wurin ubangidana, wanda na yi wa yaron shago shekara bakwai kafin ya sallame ni. Na nuna masa littafin, ya daɗe yana duba shafin farko, sannan ya tambaye ni, "Kai da ka rubuta wannan, atamfa kake sayarwa ko naira?" Na ce, "Atamfa, Alhaji." Ya ce to me ya sa ban rubuta burina da atamfa ba. Ya ƙara da cewa tun zamanin da aka karya darajar naira a 1986 ya daina yarda da lissafin da ba a yi shi da kaya ba, kuma riba a wurinsa ita ce abin da ya rage bayan ka mayar da turmin da ka sayar mazauninsa. Na sha jin irin wannan magana a bakinsa ina yaro, amma na bar ta na kama abin da ya fi kyan gani a takarda, kuma wannan shi ne abin da har yau yake sosa mini rai.

Burin da na rubuta bayan Sallar 2024 ba shi da kalmar ciniki a ciki ko ɗaya. Na rubuta cewa zuwa ƙidayar Sha'aban mai zuwa ina son kayan da ke cikin shago, waɗanda na riga na biya kuɗinsu, su kai turmi 900, kuma na raba wannan zuwa wata-wata yadda zan gane da wuri idan na kauce, la'akari da cewa watannin azumi da na bukukuwan aure ba ɗaya suke da na damina ba. Farashi kuma ina yanka shi ne daga abin da zan biya in na koma sari gobe, ba daga abin da na biya jiya ba, ko da hakan zai sa mai saye ya wuce shagon gaba. Na sa wa bashi iyaka, kada abin da ke waje ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jari, kuma ba ya shiga shafin ciniki sai ranar da kuɗin suka shigo hannu. Na kuma yanka wa kaina albashi na wata, domin da na bi diddigin littafin na gano cewa cefanen gida da kuɗin makarantar yara, waɗanda nake zara daga aljihun tebur ba tare da rubutawa ba, su ma sun tashi tare da komai, kuma daga cikin uwar kuɗi nake biyansu ban sani ba.

Idan wani ɗan kasuwa ya tambaye ni yanzu, abin da nake fara ce masa shi ne ya duba ko akwai hanyar da zai cika burinsa alhali kasuwancinsa yana lalacewa. Idan akwai, to ya tabbata ranar da ya matsu wannan hanyar zai bi, kamar yadda na bi. Nawa burin yana da irin waɗannan hanyoyi har biyu a buɗe, kuma da na yi wa kaina wannan tambaya a Janairu, minti biyar sun isa in gan su. Ina kuma gaya masa kada ya jira shekara kafin ya ƙirga kayansa. Yanzu kowace Juma'ar ƙarshen wata, kafin mu tafi masallaci, sai mun sauko da komai mun ƙirga, aikin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Da na yi haka a 2023, tun a watan Yuli zan ga ramin, lokacin bai fi na turmi ɗari ba.

A ƙidayar Sha'aban ta 2025 na samu turmi 880, wato ban kai 900 da na rubuta ba, cinikina kuma da za a auna shi da yawan kayan da suka fita bai kai na 2023 ba. Duk da haka hankalina ya fi kwanciya nesa ba kusa ba, domin bashin da ke waje kaɗan ne, sito kuma ya fara cika. Maganar shago na biyu na ajiye ta sai na koma kan 1,200 da nake da su a da, kuma a lissafina hakan zai ɗauki aƙalla shekara biyu nan gaba, in Allah Ya yarda. Tsohon littafin yana nan a aljihun tebur, ban yage shafin farkon ba, kuma duk yaron da na ɗauka aiki sai na nuna masa shi tare da takardar ƙidayar shekarar.