Tarihin Rayuwata, Kashi na Uku: Zariya Ba Gari Ɗaya Ba Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan tarihi. Kashin wannan makon na garin ne kacokan, domin sunayen unguwanni za su yi ta fitowa nan gaba, kuma wanda bai san yadda Zariya take kwance ba zai rikice.

Zariya tana kan tudu, kimanin kilomita 80 arewa da Kaduna a kan hanyar Kano. Damina kan kankama a watan Mayu ta ɗauke a farkon Oktoba, ruwan shekara kuwa yakan kai milimita 1,000 har ya ɗan ɗara. Wannan ya fi abin da Kano ke samu, shi ya sa masara da rake da auduga suka karɓi ƙasar. Dutsen Kufena yana yamma, kogin Galma yana gabas, Kubanni kuma ya ratsa tsakiya ya raba Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya faɗa Galma. Abin da baƙo ke kira Zariya garuruwa ne da aka kafa a zamani daban-daban, kowanne da abin da ya ciyar da shi.

Na farko shi ne Birni, cikin ganuwa. Kafin a zauna nan, sarautar Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena, kuma ruwaya ta ce an sa wa garin sunan Zariya ƙanwar Sarauniya Amina, 'ya'yan Bakwa Turunku. Da jihadi ya zo, Sarki Makau ya fice ya nufi kudu wajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ita ce Suleja ta yau. A Birni kuwa Malam Musa mai tutar Shehu ya hau, daga nan sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Shi ya sa da aka naɗa Malam Ahmed Nuhu Bamalli a 2020, bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris da ya yi shekara 45 a gado, maganar da ke bakin kowa ita ce sarauta ta koma Mallawa bayan shekara ɗari da saukar Aliyu Ɗan Sidi, sarkinsu na ƙarshe kafin nan.

Da jan ƙasarsa aka gina Birni, kuma a nan nake son mu ɗan daɗe. Ana haƙo ƙasa a kwaɓa ta da ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya ya bushe ƙarau. Tubalin da bai gama bushewa ba shi ke jawo tsagewar bango. Ana jera shi tsinin yana sama, a cike tsakani da kwaɓi, gindin katanga da kauri tana sirancewa tana hawa. Rufi da azarar giginya ake yi, saboda gara ba ta cika cin ta ba, sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce mita biyu ko kusa da haka. Domin a sami ɗaki mai faɗi sai a riƙa ɗaure azara kan azara daga bango biyu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a tsakiya: bakan gizo ke nan. A kan wannan dabara Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830. Daga waje a yi shafe da makuba, a dasa indararo mai tsawo yadda ruwa zai zuba nesa da gindin bango.

Ginin ƙasa a gari mai ruwa kamar namu yaɓe yake so duk shekara kafin ruwan fari. Abu biyu ke kashe shi. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro, azara ta jiƙe ta ruɓe daga ciki ba wanda ya gani. Na biyu shafen siminti ne a kan bangon ƙasa: ba sa kama juna, siminti ya tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, bango ya narke a ɓoye alhali fuskarsa tana nan sumul. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na tsohon masallacin ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan su. Haka nan kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, su ne matattarar ruwan unguwa. Yanzu ana cike su da shara ana yanka fuloti, ruwan Agusta kuma sai ya nemi hanya ta zaurukan mutane.

Turawa sun kama Zazzau a 1902, suka mai da Zariya hedikwatar lardi, har Kaduna ma a cikin Lardin Zazzau take. Layin dogo daga Baro ya ratsa nan ya isa Kano a 1911, aka ja ƙaramin layi zuwa Jos, aka ja wani ta Funtua da Gusau har Ƙauran Namoda. Mahaɗar nan ita ta haifi Sabon Gari: ma'aikatan jirgi, akawun kanti, Yarbawa da Ibo da Nufawa. Har yau ana kiran wata mahaɗa PZ da sunan kantin da ya zauna wurin.

Auduga ce ta riƙe wannan ɓangare. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza, ana raba wa manoma iri. Shuka mai kyau daga tsakiyar Yuni ce zuwa farkon Yuli, amma manomi sai ya gama da dawa da gero yake waiwayar ta, kuma duk makon da aka makara amfani raguwa yake. Da kaka a kai fuloti, wato wurin sayen auduga, malamin auduga ya duba ya ba ta lamba, a auna a biya. In an gurje, abin da ke fita bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku da ɗan ɗori ba, sauran gurya ce ta mai da abincin dabbobi. A lokacin akwai kuma dokar tumɓuke karan auduga a ƙone bayan girbi don kada tsutsa ta yi rani a gona. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, tantancewa ta sukurkuce, iri ya cakuɗe, aka koma zuba auduga a buhun leda wanda zarensa ke shiga ciki ya ƙi karɓar rini. Masaƙun Kaduna suka bi suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A ganina rashin tsari ne ya kashe sana'ar nan, ƙasar ba ta gaza ba. Ga iri nan mai kyau cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru tana fitarwa.

Tudun Wada an yanka ta ne domin baƙi 'yan Arewa, can kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta zauna, jaridar da ta fara fita a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam. Wusasa ta 'yan mishan ce tun 1929.

Abin da ke juya kuɗi a yau makarantu ne da barikoki. Gonar gwaji ta Samaru ta fara a 1922, Kwalejin Barewa ta tare a Zariya a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964, ga asibitin koyarwa na Shika, ga Defo inda ake horar da kuratan soja. Albashi da kuɗin ɗalibai ne ke shiga hannun mai gidan haya da mai shayi da ɗan acaɓa da mai ɗab'i a kwamfuta. Haɗarin dogaro da wannan ya fito fili a 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi wata takwas suna yajin aiki: ɗakunan haya a Samaru suka zauna a kulle, masu abinci suka kife tukwane, masu shaguna da dama suka ci jarinsu. Waɗanda abin bai girgiza sosai ba su ne masu ɗinkin babbar riga na cikin Birni, da manoman rake da tumatir na wajen Maƙarfi da Hunƙuyi, domin su kasuwarsu tana Kano da Legas.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu shiga ta Ƙofar Doka mu zauna da masu ɗinki, mu ga yadda ake zana aska takwas da yadda riga ɗaya ke bi ta hannu da yawa kafin ta isa wurin mabuga.