Yadda na mayar da kwamfutar lissafinmu kan Windows Server 2022

A kamfanin da nake kula wa da kwamfutoci a Kano, masu sayar da kayan gini a sari, duk lissafin kuɗi yana cikin wata tsohuwar manhaja ce da ba ta tashi sai a kan Windows 7, kuma sai an soka mata ɗan makullinta na USB. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya yi dabara mai kyau: ya girka Windows 7 ɗin a cikin VirtualBox, a kan babbar kwamfutar ofis mai Windows Server 2012 R2. Wato kwamfuta a cikin kwamfuta, babbar ita ce mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙuwa ta shekara da shekaru, kuma abincin mutum sama da ashirin ya rataya a wuyanta.

Da Microsoft ta daina fitar wa 2012 R2 gyaran tsaro a ranar 10 ga Oktoba 2023, na shawo kan Alhaji mai kamfanin ya sayi sabuwar saba, wato babbar kwamfutar ofis, muka sa mata Windows Server 2022. Na zaɓi Asabar da yamma bayan an rufe shago, da tunanin kafin sallar isha na gama.

Farkon aikin bai ba ni wahala ba. VirtualBox ɗin da ke kan tsohuwar saba ya girmi Server 2022, don haka ban ma gwada shi ba. Na ɗauko 7.0, wanda ya fito a Oktoban 2022, bayan na ga sunan Server 2022 a jerin masu masaukin da littafin jagorarsa ya ambata. Ya nemi a fara sa masa Visual C++ na 2019, wani tallafin Microsoft da yake dogara da shi, na sa. Na kwafo jakar baƙuwar gaba ɗaya, na yi mata rajista, na sake nuna mata katin sadarwar sabuwar saba tunda har lokacin sunan tsohon take nema. Na danna, Windows 7 ta tashi. Na yi hamdala, na kulle ofis.

Litinin da safe akanta ya kira ni. "Injiniya, abin nan fa ba ya motsi. Rasit ɗaya nake son fitarwa, ga mutane tsaye a kaina." Da na iso na ga gaskiyarsa. Manhajar tana buɗewa, amma kowane danni sai an jira, wani lokaci ta daskare gaba ɗaya kafin ta farfaɗo. Sabuwar na'ura ce da ta ninka tsohuwar ƙarfi, ga ta tana jan ƙafa. Na ƙara wa baƙuwar ƙwaƙwalwa, na ƙara mata kason furosesa, babu abin da ya sauya. Sai can idona ya kai ƙasan tagar VirtualBox, inda na saba ganin ɗan tambari mai harafin V. A gurbinsa akwai ɗan koren kunkuru.

Kunkurun nan shi ya warware mini komai. Furosesocin Intel suna da wata baiwa mai suna VT-x, na AMD kuma AMD-V, wadda ita ke ba baƙuwar kwamfuta damar gudu kusan kamar ta gaske. Amma manhaja ɗaya ce ke iya riƙe ragamarta kai tsaye a lokaci guda. Ranar da nake girka sabar na saka Hyper-V, manhajar Microsoft mai yin irin aikin VirtualBox, da niyyar amfani da shi nan gaba, na kuma manta. Shi Hyper-V ba ya zama a cikin Windows kamar sauran manhajoji. Yana tashi ne kafin ita, ya karɓe VT-x, ita kanta Windows ɗin ta koma tana zaune a kansa. Da VirtualBox ya zo ya tarar an riga shi. Tsofaffin fitowarsa ƙin tashi suke yi, su ce ba su ga VT-x ba. Daga 6.0 kuwa yana iya raɓawa ta hanyar da Windows ke ba shi, sai dai tafiyar ba ta da sauri, shi ne yake nuna kunkuru. Na buɗe msinfo32, shafin bayanan na'ura na Windows, a ƙasan shafin ga sanarwa cewa an gano akwai mai riƙe da furosesar.

Tunanina na farko shi ne, tunda Hyper-V ne ɗan gida, in mayar da baƙuwar wajensa. Da dare na juya kwafin faifanta zuwa VHD, tsarin faifan da Hyper-V ke karantawa, da VBoxManage, kayan aikin VirtualBox, na haɗa ta a Hyper-V a tsarin ƙarni na ɗaya, wanda ya dace da Windows 7. Ta tashi da gudu sosai. Amma manhajar lissafi ta ƙi buɗewa, domin ba ta ga makullinta ba. Hyper-V ba ya miƙa wa baƙuwa na'urar USB kai tsaye yadda VirtualBox ke yi. A nan wannan hanya ta ƙare mini.

Na koma na cire Hyper-V, na buga umarnin bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, na sake kunna sabar. Kunkuru ya ɓace, V ya dawo, rasit ya riƙa fita nan take. Ban ɓoye wa Alhaji abin da wannan ya ci mana ba: wasu matakan tsaron Windows na zamani, irin su Credential Guard, a kan Hyper-V ɗin nan suke tsayawa, kuma muddin yana kashe ba za mu more su ba. Ita ma Windows 7 tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyaran tsaro, shi ya sa na toshe mata hanyar intanet, kwamfutoci uku na ofis kawai ke iya kaiwa gare ta.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta, batir ya ƙare kafin a tada janareto. Saba ta dawo da kanta, baƙuwa kuwa shiru, saboda VirtualBox yana jiran wani ya shiga ya danna ta. Na shirya wa Task Scheduler, mai tsara ayyukan Windows, aikin tada ta da zarar sabar ta kunna, ba tare da taga ba, ƙarƙashin asusun da aka yi mata rajista da shi, domin VirtualBox kowane asusu da nasa jerin baƙi. Wannan karon ban yarda da ganin ta tashi sau ɗaya ba. Na zare wuta sau uku ina kallo, na sa akanta ya zauna ya fitar da rahoton wata guda cur kafin na tafi.

Alhaji ya tambaye ni har yaushe za mu zauna a haka. Na ce masa, ranka ya daɗe, sai ranar da muka samu manhajar lissafin da ba ta buƙatar makullin nan. Ya ce in fara nemo farashi, tsohuwar sabar kuma kada a taɓa ta sai an rufe lissafin shekara.