Launin gaskiya da launin da ido ke so: shawara ga ƙannena masu hoto

Gwaggona tana sayar da shadda da atamfa a cikin gida, a unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Shekarar da na sayi kamara ta ƙwarai ta farko, ta aiko aka kira ni ta ce, "Ɗana, zo ka ɗaukar mini kayan nan in tura wa mutanena na Agadas da Maraɗi." Na je bayan magariba, na baza kayan a kan gadonta, ƙwan lantarki ɗaya na ci a sama, na ɗauka. A cikin kayan akwai wata shadda ruwan malmo, mai duhu, mai ɗan ja a cikinta. Da na buɗe hoton a kwamfuta sai na ga ta yi sanyi, ba ta ɗaukar ido. Na yi ta ƙara mata ƙarfin launi, ina rage ɗorawar da fitila ta zuba, har ta koma shuɗiya tana walƙiya. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Wata Hajiya a Agadas ta gani ta ce a aika mata ɗinki shida na bikin ƙanwarta. Bayan kwana huɗu kayan suka dawo a mota, da saƙo ɗaya: ba wannan ta gani ba. Gwaggo ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma har yau matar ba ta sake sayen ko ƙyalle a hannunta ba. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta fito da shaddar bakin zaure da hantsi, ta shimfiɗa, ta ɗora wayarta a kai da hoton a buɗe, ta ce, "Duba da idonka." Kaya biyu ne daban. Sai ta ce, "Ni amana nake sayarwa kafin shadda."

Ƙannena, yau kusan kowace fadar samari a Zinder akwai mai ɗaukar hoto, wasu da waya, wasu da kamara, kuma da yawanku kun fi ni saurin hannu a wajen gyara. Abin da nake so in ajiye muku shi ne abin da ban sani ba a ranar: kafin ka taɓa launin hoto, ka tambayi kanka wa zai dogara da shi, kuma me zai rasa idan launin ya yi ƙarya.

Ku fara sanin cewa kamara ba ta ganin launi yadda muke gani. Farantin da ke karɓar haske a cikinta yawan haske kawai yake ƙirgawa. An lulluɓe shi da ƴan mitsi-mitsin tagogi masu tace haske, ja ɗaya, shuɗi ɗaya, kore biyu, a jere a jere, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976. Daga nan sai ƴar kwamfutar da ke cikin kamara ta yi lissafi ta ƙaddara launin kowane ɗigo. To lissafin nan mutane ne suka tsara shi, kuma sun tsara shi ne don hoto ya burge mai saye. Tun wajen 1960 masu bincike na Kodak suka gano cewa launin da mutum yake riƙe da shi a ransa na sararin sama ko ciyawa ya fi na zahiri ƙarfi. Shi ya sa wayarka take ba ka sama shuɗiya shar ko ranar da hazo ya rufe Damagaram. Hoton da ya fito kai tsaye daga waya, wanda kake cewa ba ka taɓa shi ba, an riga an taɓa maka shi.

Sai kuma haske, wanda shi ma yana da launinsa. Ana auna shi da ma'aunin Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2700, hasken nasa ɗorawa-ɗorawa. Rana tsaka tana wajen 5500. Inuwa a ƙarƙashin sarari mai tsabta takan haura 7000, tana jan shuɗi. Idonmu yana gyara wannan da kansa, farar riga fara ce a ɗaki, fara ce a tsakar gida, amma ita kamara sai ta yi hasashe, kuma hasashen yakan kuskure idan kaya mai launi ɗaya ya cika hoton. Ga shi kuma ruwan malmo na cikin launukan da kamara ta fi mayarwa shuɗi. Duk waɗannan suka taru a kan shaddar Gwaggo, ni kuma na zo na ƙarasa ɓarnar da hannuna.

Maganin ba shi da tsada. Ka sami katin toka, irin wanda ke mayar da kashi 18 cikin 100 na haske, ka ajiye shi a kan kayan a hoton farko, ka nuna wa kamara ko manhajar gyara cewa wannan ba shi da launi. Sauran launuka sai su zauna inda ya kamata. Wanda ya samu hali, akwai allon ColorChecker mai gidaje 24, wanda aka fito da shi tun 1976. Kada ku dogara da farar takardar makaranta, domin ana zuba mata sinadarin ƙara fari da ke sa ta ja shuɗi. Kuma idan kamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, ka ɗauki kayan sayarwa da shi. JPEG, wato hoton yau da kullum da waya ke fitarwa, matakan haske 256 yake riƙewa a kowane ɗayan launuka uku, kuma an riga an gasa farinsa a ciki, wato gyaran launin hasken ya riga ya zauna. RAW yana riƙe 4096 ko 16384, farin kuma kana iya sauya shi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba.

Kuskurena na biyu a wajen wankin hoto ne, kuma shi ya fi ba ni kunya domin na ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Na kai hotunan suna, suka fito da duhu, launin ya mutu. Na tsaya a shagon na ɗaga murya, na ce injinsu ya tsufa. Mai shagon, dattijo ne sa'an mahaifina, ya ce, "Yaro, kawo kwamfutarka gobe." Da na kawo ya ajiye ta kusa da takardar ya ce in rage hasken allo. Allona a ƙure yake, ina gyara hoto a kansa kamar ina kallon fitila, alhali takarda ba ta da hasken kanta, sai wanda ɗaki ya ba ta. Masu wankin hoto sukan ajiye allo tsakanin kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 80 zuwa 120 a murabba'in mita, waya kuwa tana kai ɗaruruwa. Sannan ya nuna mini abu na biyu. Na saita kamarata a kan Adobe RGB, wani tsarin rubuta launi da lambobi, saboda na ji an ce ya fi faɗi, wato ya fi ɗaukar launuka da yawa. Gaskiya ne ya fi faɗi, musamman wajen kore, amma injinsa wani tsarin, sRGB, yake karantawa, wanda HP da Microsoft suka tsara a 1996 kuma mafi yawan intanet ke tafiya a kansa. Lamba ɗaya ce, amma kowane tsari da launin da yake nufi da ita, kamar a ce mudu, alhali mudun wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba. Na ba shi haƙuri a gaban yaransa, inda na yi masa rashin kunyar. Tun daga ranar duk abin da zai fita hannuna, zuwa shagon wanki ko zuwa WhatsApp, a sRGB yake fita, kuma ina wanke hoto ɗaya na gwaji kafin in ba da ɗari.

Yanzu ga wanda har yau yake ci mini rai.

An ba ni aikin wani biki a Sabon Gari. Amarya baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da santsi, ga lalle ya kama hannuwanta. Ƙawayenta suka biyo ni gefe suka ce, "Mai hoto, don Allah ka ɗan haska mana ita." Na amsa. Na zauna dare biyu ina ɗaga fatarta, ina cire mata ja, ina goge duk wani ɗigo, har ta wuce wankan tarwaɗa. Ƙawaye suka yi ta yabo. Da aka kai kundin hotunan cikin gida ina tsugune a bakin ƙofa ina jiran cikon kuɗina, kakar amarya ta karɓa ta buɗe, ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ƴar wa ce?" Aka ce, "Kaka, jikarki ce mana." Ta ce, "Jikata kamannin uwata ta ɗauko. Wannan ban san ta ba." Ta rufe ta miƙa. Garin neman gira na rasa ido.

Na yi ta tunanin amaryar bayan haka. Hoton aurenta ne, wanda zai rataya a ɗakinta shekaru, ƴaƴanta su taso suna gani. Kullum ta dube shi sannan ta dubi madubi, me na faɗa mata? Na faɗa mata cewa ranar da ta fi kowace rana kyau ita ce ranar da ba ta yi kama da kanta ba. Muna zagin masu sayar da man sauya fata, amma mu masu hoto muna yi musu talla kyauta duk ranar Asabar.

Matsalar kuma ta girme mu. Tun shekarun 1950 shagunan wankin hoto a Amurka suna saita injinansu da wani kati na Kodak da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya. Fatarta ce ma'auni, fatar baƙin mutum kuwa duk yadda ta fito shi ke nan. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Ko a 2021 sai da Google ya yi shelar cewa ya gyara kamarar wayarsa Pixel 6 domin ta riƙa fitar da baƙar fata daidai. To idan masu ƙera kayan sun fara gyara kuskurensu, bai kamata a ce mu da muke da fatar ne za mu dawo da shi da hannunmu ba.

Abin da ƙawayen nan suke nema, da na fahimta, haske ne a fuska, kuma wannan haƙƙinsu ne. Kamara tana ƙoƙarin mayar da duk abin da ta gani matsakaicin toka, saboda haka idan ango ya sa farar babbar riga sai ta rage haske, fuskar amarya ta nutse. Ka ƙara hasken da hannunka tun a wajen ɗauka. Ka tsayar da ita a bakin ƙofa tana fuskantar waje, ka sa yaro ya riƙe farin zane ko kwali a gefe ya mayar mata da haske. Ka kula da rumfar biki: tanti shuɗi yana mayar da baƙar fata kamar toka, inuwar dogon yaro tana shafa mata kore. Taku biyar daga ƙarƙashin rumfa sun fi dare biyu a gaban kwamfuta. Baƙar fata idan ta samu haske mai laushi, ja da zuma da ke cikinta sukan fito da kansu.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan waɗannan abubuwa na koma ba na ɗaukar komai sai da katin toka, kuma a nan ma na yi ɓarna. Wata Sallah na tsaya ƙofar fada, dawakai na tayar da ƙura, rana ta ratsa ta, komai ya zama ruwan zinariya, jan rigunan dogarai da korensu suna ci kamar garwashi. Na koma gida na daidaita farin kowane hoto da kati. Rigunan suka fito daidai, bango ya fito daidai, amma zinariyar nan ta tafi, kuma ita ce abin da duk wanda ya tsaya wurin ya gani. Ƙanena ya duba ya ce, "Yaya, ai ba haka ranar take ba." Ya yi gaskiya. A hoton shadda launin kaya nake bin bashi, haske kuwa baƙo ne da ya kamata in kore shi. A hoton hawa hasken ne maganar. Haka hazon hunturu a kan duwatsun Birni, haka jan wutar mai tsire da daddare. Waɗannan ka bar su da launinsu, ka ma ɗan ƙara idan abin da ka ji a wurin ke nan, ba wanda zai yi asarar ko dala.

Don haka ba na hana ku gyara. Ina so ne ku iya fitar da launin gaskiya tukuna, sannan idan kun kauce masa ya zama da saninku kuka kauce, kun kuma san iyakar nisan da kuka yi. Jakar fata ta dukawa, shadda, hula, zanen bangon tsohon gida da ake so a adana, ciwon fata da za a tura wa likita, fuskar mutum: a nan ba ku da izinin ƙari. Kuma ko kun yi komai daidai, wayar mai saye ba a hannunku take ba, wata tana ƙara launi, wata an kunna mata hasken dare mai ɗorawa.

Gwaggo ta sake kirana bayan kusan shekara. Yanzu da hantsi muke ɗauka, a inuwar bakin zaure, fitila a kashe, katin toka a kan ƙyallen farko. Idan na gama sai ta karɓi wayar ta ɗora a kan shaddar kamar yadda ta yi ranar nan, ta duba wannan ta duba wancan, in bai yi mata ba mu sake. Kafin ta tura wa kowa kuma takan naɗi muryarta ta ce, "Hajiya, wannan ruwan malmo ne mai ɗan ja. In wayarki ta nuna miki shuɗi, kira ni mu yi magana kafin ki turo kuɗi."