Awon Hajiya da hotuna dubu shida

Saura kwana tara Babbar Sallar 2025 wayata ta suɓuce daga hannuna ta faɗa cikin robar sitaci. Shagona yana Badariya, a nan Birnin Kebbi, keke uku ne, ni da yara mata biyu masu koyon ɗinki. Duk wadda ta taɓa leƙa shagon tela ana gab da Sallah ta san yadda ake: atamfa da leshi jibge har kan benci, zare a ɗankwali, kowace kwastoma na rantsuwa nata ne na gaggawa. A cikin wannan hali na tsamo waya tana ɗigar farin ruwa, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Wallahi ko kuɗin wayar ban tuna ba. Awo na tuna. Na daɗe da jingine littafin awo, komai yana cikin WhatsApp: kafaɗar wance, tsawon hannun wance, wadda ta ba da kafin alƙalami da wadda ake bi ciko. Akwai wata Hajiya a Gesse da ta kawo anko na mutum goma sha ɗaya, rabinsu suna Jega da Yauri, awonsu duk ta saƙo aka turo. Ta ina zan fara kiranta in ce a sake?

Mai gyara ya juya wayar, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, kin dai yi bakof ko?" Na ce ai ita ke yi da kanta. Bai ce komai ba. Bayan kwana biyu Allah ya sa ta farfaɗo, kafin ya miƙo min sai ya shiga saitin WhatsApp ya nuna min ranar da ta yi ajiya ta ƙarshe, wato bakof ɗin, kwafin saƙonnina a Google. Watan Nuwamba. Wata bakwai ke nan ina yawo da waya ina zaton akwai kwafin komai a wani wuri, ashe babu.

Da hidimar Sallah ta lafa, aka gama suyar nama, na ce bari in gyara da kaina. Abu na farko da na gano: an saita ta ne sai ta samu Wi-Fi za ta tura ajiyar. Ni ina na ga Wi-Fi? Tun da na sayi wayar jira take yi, sai ranar da na je wani gida mai shi ta ɗan samu ta yi. Na kunna wurin da ke ba ta izinin amfani da datar layi, na sayi data mai tsoka, na sa ta caji na kwanta. Da asuba na tarar data ta ƙare ƙaƙaf, ajiya ko rabi ba ta kai ba. Ga shi tun farkon shekarar aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, giga ɗaya ma sai ka yi tunani. Na sake saye. A karo na uku sai ta fito fili ta ce babu wuri a Google. A makon ne kuma na lura ko imel ya daina shigowa.

Autanmu yana karanta kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru. Ranar Asabar ya zo shago da laftof ɗinsa a goye, ya karɓi wayar, ya ɗan latsa, ya ɗago kai.

"Yaya, mi kika tara cikin wagga waya haka?"

Na ce hotunan aiki ne.

"Giga goma sha ɗaya a WhatsApp kaɗai? Wane irin aiki?"

Shi ya warware min zaren. Google na ba kowa wurin ajiya na giga 15 kyauta, kuma ba kowane fanni da nasa ba, kwano ɗaya ne Gmail da Drive da Google Photos ke ci a ciki. Da can hotuna ba sa shiga lissafi in ka yarda a ɗan rage musu nauyi, amma tun 1 ga Yuni 2021 aka rufe wannan ƙofa. Ajiyar WhatsApp ma da ba ta cikin lissafi, sai a farkon 2024 aka shigar da ita ga masu Android. Ni kuwa hotunan kamara sun riga sun cinye kusan giga goma, tsohuwar ajiyar Nuwamba ta cinye sauran. Ina za a sa sabon kaya? Ya ƙara da wani lissafi da bai bar kaina ba har yau. Ya ce hanyar tura abu sama ta fi ta sauko da shi ƙunci, shi ya sa kallon bidiyo ke tafiya sumul amma turawa sai jan ƙafa. In sabis ya tsaya yana tura megabit ɗaya a daƙiƙa, ba yankewa, giga 11 sai ya ci awa 24. Kwana guda cur. A garin da in hadari ya haɗo sabis ke ɗaukewa kafin wuta.

Saƙonnin da nake tsoron rasawa, awo da lissafin bashi, rubutu ne, ba su da nauyin komai. Hoto guda na kamara ya fi hirar wata guda nauyi, bidiyon minti ɗaya kuwa yana iya haura mega ɗari. Wato saboda bidiyon kamun amarya da ban taɓa kallo sau biyu ba, awon Hajiya ya kwana a waje wata bakwai.

Auta ya ce mafita biyu ce: ko in riƙa biyan Google kuɗin ƙarin wuri duk wata, ko mu kwashe kayan zuwa kwamfuta. Na ce ina biyan hayar shago, ba zan ƙara da hayar shara ba.

Kebul ya fara ba mu ciwon kai. Muka jona waya da laftof da igiyar cajata, waya ta kama caji lafiya lau, kwamfuta kuwa ko a jikinta. Ashe wasu igiyoyin masu araha wuta kawai suke kaiwa, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu, kuma da ido ba ka bambance su. Sai da na aiki yarinya gida ta ɗauko wadda ta zo a kwalin wayar. Ko da ita ma, sai ka buɗe wayar, ka jawo sanarwar da ke saman fuska, ka sauya daga caji zuwa tura fayil, sannan kwamfuta ta ga abin da ke ciki. In ba haka ba folda ce za ta buɗe maka wayam.

Hotunan da ka ɗauka da kamara suna cikin folda mai suna DCIM. Nawa 6,214 ne. Na WhatsApp sun fi ɓuya: a sababbin wayoyi sai ka shiga Android, ka shiga media, ka nemo com.whatsapp, can ciki za ka ga hotuna daban, bidiyo daban, saƙon murya daban. Abin da ya burge ni, kowane hoto da kwanan watansa a jikin sunansa, shekara, wata, rana, a jere. Sai raba su ya zo da sauƙi.

Nan fa na ga abin kunya da idona. Hoton furen "Juma'a Mubarak" iri ɗaya sak, sau goma sha huɗu, daga guruf daban-daban: na 'yan makarantarmu, na dangin maigida, na matan unguwa, na ƙungiyar teloli. Wani wa'azi mai tsawon minti arba'in sau uku. Tallan maganin basir. Sannan akwai wata folda mai suna Sent, inda duk hoton da na taɓa tura wa wani yake da nasa kwafin, ga na asali kuma a DCIM. Ban hana kowa gaisuwar Juma'a ba, ni ma ina amsawa da amin, amma don Allah a rubuta da hannu. Layi ɗaya ya isa, ladan bai ragu ba.

Na so in ja komai gaba ɗaya in huta. Auta ya hana. Ya ce in ka tattaro dubbai a tashi ɗaya, sau da yawa abin kan tsaya a tsakiya, ba ka san wanda ya wuce da wanda ya rage ba. Ga batirin laftof ɗin ya mutu tuni, da an ɗauke wuta yake mutuwa tare da ita, mun jona ne a solar maƙwabcina mai cajin waya. Sai muka bi shekara-shekara. Kuma kwafa yake yi, bai yarda ya yanke ba. In ya gama da shekara ɗaya, ya duba adadin fayil a waya, ya duba a kwamfuta, in sun yi daidai, ya buɗe biyar ko shida ya tabbatar suna buɗuwa, sannan mu wuce. Daga bayan azahar zuwa kiran magariba an gama abin da data ta kasa a dare uku.

Akwai inda na karɓe laftof ɗin daga hannunsa na ce ya fita ya sha iska. Mata kan gwada kaya a shago, wata ta ce in ɗauke ta ta ga bayanta, wata ta gwada a gida ta turo min ba mayafi don in ga inda ya matse. Waɗannan matan mutane ne, amana suka ba ni. Laftof ɗin Auta kuwa kullum yana makaranta, abokai na ara, wata rana ya je wurin mai gyara. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge, a waya da kwamfuta, na kuma share kwandon sharar kwamfutar. Sai a lokacin na tuna wayar nan ta kwana biyu a hannun mai gyara da duk wannan a cikinta. Jikina ya yi sanyi. Yanzu da an gama gyaran riga nake goge hoton a gaban mai shi.

Sai muka zo sharar Google Photos, don goge hoto daga waya ta hanyar kwamfuta ba ya rage komai a can sama, sai ka shiga can ɗin ka goge. Ni a raina komai na gani a manhajar yana cikin waya, tunda kuwa mun kwashe waya, ai shi ke nan. Na fara zaɓa daga ƙasa, tsofaffin shekaru, yatsa na gudu. Ina isowa Maris ɗin 2020 sai na ga Baba.

Bikin kamun kifi na Argungu ne, wanda aka dawo da shi a shekarar bayan an yi kusan shekara goma ba a yi ba, 'yan kwanaki kafin korona ta rufe ko'ina. Baba mutumin Argungu ne, da ƙuruciyarsa ya shiga kogin Matan Fada da gora da homa, amma a lokacin ƙafa ta riga ta ƙi. Muka kai shi kallo. A hoton yana tsaye bakin ruwa, ya dafa kafaɗar Auta, bayansa mutane sun cika kogi ba masaka tsinke, shi kuma bakinsa a buɗe yana yi wa wani ihu ya riƙe kifinsa da kyau. Shekara biyu bayan nan ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Na ce, "Auta, buɗo min wanga a kwamfuta in gan shi da girma."

Ya nema a 2020. Babu foldar 2020 ma sam. Mafi tsufa a abin da muka kwafa 2022 ne, shekarar da na sayi wannan wayar. Hotunan Argungu da tsohuwar waya na ɗauke su, ita ta tura su Google tun lokacin, wannan kuwa nuna min su kawai take yi daga can. Ba su taɓa sauka cikinta ba, balle kebul ya gan su. Ga su na riga na zaɓe su, saura in danna. Garin neman gira.

Auta ya zare wayar daga hannuna a hankali kamar mai karɓe wuƙa daga yaro. A daren, da datar dare mai araha, ya shiga shafin Google Photos ta laftof ya sauko da duk abin da ya girmi 2022. Sai da na ga Baba a kwamfuta da idona, na sa ya rufe ya sake buɗewa, sannan muka yi sharar.

A WhatsApp mun bar hotunan wata uku na baya, don in ka cire hoto daga foldarsa, a cikin hira sai dai ka ga inuwarsa dishi-dishi, ni kuma ina da ɗinkin da ban gama ba. Muka kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye, sai wanda na taɓa da kaina. Muka cire bidiyo daga cikin ajiya. Giga 11 ya koma mega ɗari shida da 'yan kai. Daren farko ta gama kafin in gama ninke kaya in yi shirin barci, yanzu kuwa kullum da safe in na duba sai in ga kwanan ranar.

Abu ɗaya ya rage yana damuna: hotunan da na cire daga waya da Google yanzu wuri ɗaya suke, a laftof mai mataccen batir da ke hawa kabu-kabu kullum. In ya faɗi fa? Da cikon kuɗin ankon Hajiya na sayi ma'ajiyar waje, wadda 'yan kasuwar waya ke kira estanal. Filash ya fi araha, amma na taɓa kai nawa wani shagon buga takardu ya dawo da bairos, foldoji duk sun ɓace, ban ƙara yarda da shi ba. Estanal ɗin yana cikin durowar ɗakina, nannaɗe da ƙyallen shadda saboda ƙura, kuma ba ya zuwa ko'ina. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata Auta ya zo, a kwashe na waya zuwa laftof, daga laftof zuwa estanal, ladansa tuwon shinkafa da miyar kuka.

Ranar da muka kai wa Inna laftof ɗin, ta sa tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. A waya ta sha ganin hoton, amma ƙarami. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta nuna da yatsa.

"Wagga hula ai ni na wanke ta da jijjifi rannan. Na ce mai ba ta bushe ba, ya ce rana na busar da ita a kai."

Ta ce Auta ya ƙara girman wajen hannun. Ya ƙara. Ta ce ya bar shi haka tukuna.